Shin Ko Kun San? Zagayen Daura A Mota

Shafin namu na wannan mako a cikin mota yake. Ku shigo, ku sauke gilashi, mu roƙi direba ya sassauta ƙafa, domin garin da muka nufa ba a fahimtarsa da gudu. Daura za mu. Daga bayan gari za mu fara, mu yi ta kutsawa har inda kwalta ta ƙare, mota ta gaza, ƙafa ta karɓa.

Shin ko kun san tsakanin Katsina da Daura kimanin kilomita 80 ne, tsakanin Kano da Daura kuwa bai kai 150 ba? Mai tasowa daga Katsina ta Mashi zai bi, gabas na gabansa. Mai tasowa daga Kano sai ya ratsa Kazaure a Jihar Jigawa kafin ya faɗo ƙasar Daura. Wannan titi na Kano shi ne wutsiyar babbar hanyar tarayya mai lamba A2, wadda ta hauro daga kudancin ƙasar nan, ta bi Lakwaja da Abuja da Kaduna da Zariya da Kano, ta zo ta ƙare a kan iyakar Nijar, gaba da Daura kaɗan.

Ko kun san ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar? Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure. Zamanin Turawa Daura ta taɓa zama a ƙarƙashin Lardin Kano kafin a haɗa ta da Lardin Katsina, daga baya ta shiga Jihar Kaduna, sai kuma Jihar Katsina da aka ƙirƙiro ranar 23 ga Satumba, 1987.

Shin ko kun san gine-ginen Daura a jere suke kamar albasa, ɓawo a kan ɓawo? Na waje shi ne sabo, na can ciki shi ne tsoho. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya dai lura da abin da aka yi bango da shi: gilashi da tayil, sai bulo da fenti, sai bulo tsirara, sai siminti a kan ƙasa, sai jar ƙasa zalla.

To, ga ɓawon farko.

Shin ko kun san jami'ar farko a Najeriya da aka keɓe kacokan don ilimin sufuri a Daura take? A Disamba 2019 aka aza harsashinta, kuma kamfanin CCECC na ƙasar Sin, mai aikin shimfiɗa layin dogo, shi ya gina ta a matsayin gudummawa, kan kuɗi dala miliyan 50. A shekarar 2019 ɗin dai aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, aka kuma buɗe asibitin rundunar sojan sama. Kafin su akwai makarantar koyon aikin lafiya mai sunan Sani Zangon Daura, da kwalejin jiha mai sunan Dakta Yusuf Bala Usman, shahararren masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ya rasu a 2005.

Ko kun san layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Daura aka tsara ya bi? A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ya karɓi kwangilar. Daga Kano sai Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ya tsallaka Maraɗi. Tsohuwar hanyar fatake ce za a ɗora wa ƙarfe.

Waɗannan gine-gine alheri ne ga Daura, ba mai musun haka. Sun kawo ɗalibai, sun kawo ma'aikata, gidajen haya da shaguna sun biyo bayansu. Amma ku dubi jikinsu da kyau ta taga. In aka rufe allon da ke bakin ƙofa, wa zai iya rantsewa cewa a Daura yake ba a Abuja ko Kaduna ba? Rufin kwano mai launi, manyan tagogin gilashi suna fuskantar rana, bango siriri na bulo. A garin da zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, irin wannan gini ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da wuta ko janareta. Wannan abu yana damuna, kuma za ku ga dalilina in mun shiga cikin gari.

Direba, mu karya zuwa GRA.

Shin ko kun san asalin GRA a garuruwan Arewa unguwa ce da Turawa suka keɓe wa ma'aikatan gwamnati, nesa da cikin gari? Shi ya sa tsarinta daban: titi miƙaƙƙe, fili mai faɗi, gida a tsakiyar fili, katanga ta kewaye shi, baranda tana kallon waje. Gidan Bahaushe na gargajiya kuwa ciki yake kallo, ya juya wa titi baya.

Ko kun san a wannan unguwa gidan marigayi Muhammadu Buhari yake, kuma a cikin harabar gidan kabarinsa yake? A Daura aka haife shi ranar 17 ga Disamba, 1942. Ya mulki Najeriya a kakin soja daga ƙarshen 1983 zuwa Agusta 1985, ya dawo a farar hula daga 2015 zuwa 2023. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka yi jana'izarsa a Daura ranar 15 ga wata. Masarautar ta ba shi sarautar Bayajidda na Biyu tun yana raye. Wanda ya biyo ta nan, ya rage sautin rediyo, ya yi addu'a, ya wuce. Allah Ya jiƙansa.

Shin ko kun san darbejiyar da ke yi mana inuwa a gefen titin nan baƙuwa ce? Daga Indiya aka kawo irinta zamanin Turawa. Yau ta zama 'yar gari, har ba a iya tunanin titin Daura ko na Katsina babu ita. A gindinta mai shayi yake, a gindinta mai faci yake, a gindinta 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu ke jiran fasinja.

Ko kun san mazaɓu 11 ne a Ƙaramar Hukumar Daura, kuma sunayensu kaɗai darasi ne? Akwai Kusugu, mai sunan rijiya. Akwai Sarkin Yara biyu da Ubandawaki biyu, masu ɗauke da sunayen sarautun fada. Akwai Madobi biyu da Mazoji biyu. Sai Sabon Gari da Tudun Wada, waɗanda sunansu ya riga ya gaya muku bayan tsohon gari aka yi su. A Kano da Zariya, Turawa sun zaunar da baƙi 'yan kudu a Sabon Gari, a Zariya kuma Tudun Wada ta zama mazaunin 'yan Arewa da ba 'yan birni ba. Daga nan waɗannan sunaye suka bazu, kusan kowane gari yana da nasa.

Nan ne ɓawo na tsakiya, kuma nan ne mafi yawan jama'a suke. Shago a jikin gida, gida a bayan shago. Tankin ruwa a kan ƙarfe, farantin sola a kan kwano, kwanon tauraron ɗan'adam a kusurwa. Amma ku lura da wani abu: ko da bulo aka yi gidan, zaure bai ɓace ba, dakali ma yana nan a ƙofar gida, dattawa na zaune a kai bayan la'asar. Kayan gini sun canza, tsarin zaman bai canza ba.

Shin ko kun san Daura, kamar sauran biranen Hausa, da ganuwa aka kewaye ta? Gari ya cika ya tumbatsa ya haye ta, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka ci rabonsu. Abin da ya fi daɗewa shi ne sunayen ƙofofi. Ƙofar Baru, alal misali, duk Najeriya ta ji sunanta, domin a rumfar zaɓe ta wannan unguwa, a mazaɓar Sarkin Yara, Buhari ya riƙa kaɗa ƙuri'arsa.

Daga nan titi zai fara matsewa. Direba zai fara lanƙwasa madubi, yana kauce wa akuya da mai kurar ruwa.

Ko kun san lungunan tsohon gari ba a banza suka yi ƙunci ba? Don mai ƙafa da jaki da doki aka yi su, tun mota ba ta zo duniya ba. Kuma ƙuncin yana da amfani: bango na yi wa bango inuwa, rana ba ta samun lungu sai ɗan lokaci da tsakar rana, murɗe-murɗen kuma na karya ƙarfin iskar hunturu da ƙurarta. Ku fito daga mota a nan, ku taka daga bakin kwalta zuwa cikin lungu, jikinku zai gaya muku bambanci.

Yanzu sai mu tsaya a gaban tsohon soro, mu daɗe, domin abin da na kawo ku gani ke nan.

Shin ko kun san tubali da hannu ake cura shi, babu ma'auni, babu akwati? Gindinsa da faɗi, kansa da tsini. Sai an zuba wa ƙasa ruwa, an zuba ciyawa, an tattake ta da ƙafa, an bar ta kwanaki ta tsumu, sannan a cura a shanya a rana. Magini na zaune a kan bango, lebura na jefa masa tubali daga ƙasa, yana cafewa yana jerawa tsini sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon kan yi kauri a gindi, ya dinga sirancewa yana hawa. Kaurin nan shi ne sirrin sanyin soro. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi. Duk yini tana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratsa zuwa ciki gari ya yi sanyi, sai ta saki ɗumin da dare. Shi ya sa soro ke da sanyi da bazara, yake da ɗumi da hunturu. Kwano kuwa yana ganin rana ya ɗauka, yana ɗauka ya sauke wa na ƙarƙashinsa.

Ko kun san azara daga giginya ake tsaga ta, kuma gara ba ta cin ta da sauƙi? Ita ce ƙashin rufi. A jera ta, a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa. Sai dai azara tana da iyaka: in tazarar ta haura kimanin mita 2, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. To yaya magina suka rufe manyan zauruka na fada da masallaci? Sai suka ƙirƙiro baka. A dasa azara a cikin bango, a miƙo ta ciki kaɗan, a ɗaure wata a kanta ta ƙara miƙowa, a lulluɓe da ƙasa, daga dama da hagu har su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. In bakuna suka gicciya a tsakiyar ɗaki, sai a ce ɗaurin guga, saboda kamarsa da itatuwan da ake gicciyawa a bakin guga. A kan bakunan ake ɗora tulluwa, wato rufin nan mai tudu da kuke hangowa daga waje. Babu ƙarfe, babu siminti, babu ƙusa.

Shin ko kun san gwanin da ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19? Har yau masu karatun zanen gini na zuwa kallon bakunansa.

Ko kun san zankwayen da ke tsaye a kusurwoyin soro suna da aiki bayan ado? Nauyinsu na danne kusurwa, wurin da ruwa ya fi ci, kuma magini kan maƙala igiya a jikinsu in zai yi yaɓe. Indararo kuma an tsawaita bakinsa ne don ya watsa ruwa nesa da gindin bango. Soro ba ya tsoron rana, ruwa yake tsoro, kuma in kun ga soro ya faɗi, ku bincika, galibi indararo ne ya toshe ko yaɓe aka daina.

Shin ko kun san kakanninmu suna da nasu maganin ruwa tun siminti bai zo ba? Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwan, a shafe bango, ya yi ja-ja mai duhu, ruwa na zamewa a kai. Laso kuma daga katsin marina ake yin sa, wato gurɓin da ke kwanciya a gindin rijiyar rini, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara. Ku duba yadda sana'a ke riƙe da sana'a: marini ya ba magini, majemi ya ba magini, manomi ya ba shi ciyawa. Da marina suka ja baya, laso ya yi wuya. Da giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Mutane ba don ƙin soro kawai suka koma bulo ba, kayan aikin ne suka fara kuɓuce musu, ga kuma wahalar yaɓe duk shekara. Gaskiya ce wannan, dole a faɗe ta.

Ko kun san shafa wa bangon ƙasa siminti kan zama cuta? Siminti ba ya numfashi. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, wata rana sai a ga fuskar bango ta zubo gaba ɗaya.

Shin ko kun san ƙofar zaure da ta shigifa ba a sa su saiti ɗaya? An karkatar da su ne da gangan, don wanda ke waje kada idonsa ya faɗa cikin gida. Baƙo namiji a zaure yake tsayawa. A nan malam ke ba da karatu, a nan maɗinki ke kafa kekensa, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki. Daga shigifa sai tsakar gida, da turakar maigida da ɗakunan mata da madafa da rijiya. Addini da kunya su suka zana taswirar gidan.

Mu koma mota, fada na gabanmu.

Shin ko kun san filin da ke ƙofar fadar Sarkin Daura ana kiransa Kangiwa, kamar yadda ake kiran na Katsina? Bayan matsatsin lungu, sai ku ga sarari ya buɗe. Haka biranen Hausa suke: fada, masallaci, da fili a gabansu wanda zai ɗauki dawaki da jama'a. A nan ake jafi ranar hawa. Daura na da Hawan Magajiya a bukukuwan Sallah, sunan da ke tuna wa kowa cewa mata sun riƙi garin nan. Tana kuma da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, wadda ta yi suna a duk ƙasar Hausa, jama'a na zuwa mata har daga Nijar.

Ko kun san jerin sarakunan Daura da mata ya fara? Kufuru ake ambata da farko, sai irin su Ginu da Yakumo da Innagari, har zuwa Daurama. Labarin da aka gada ya ce daga Tsohon Birni, arewa da garin yanzu, aka taso da fada zuwa nan.

Shin ko kun san a 1805, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya karɓi Daura daga hannun Sarkin Gwari Abdu? Tsohon gidan sarauta ya fita, amma bai mutu ba. Wani reshe ya zauna a Zango, wani a Baure, suna ƙarƙashin inuwar Damagaram, sarakunan Fulani kuma na cikin birni. Kusan shekara ɗari ana da Daura uku. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, tsohon gida ya dawo fadarsa, abin da ba a saba gani ba a masarautun daular Usmaniyya. Wani masani haifaffen Jamaika, M. G. Smith, ya rubuta littafi guda a kan wannan tarihi, The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978.

Ko kun san sarakuna biyu kacal suka riƙe Daura shekara 96? Sarki Abdurrahman ɗan Musa daga 1911 zuwa 1966, shekara 55. Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, shekara 41. Shi Bashar, kafin ya hau gado, yana Wamban Daura ya yi minista a gwamnatin Sardauna. Mai Martaba Alhaji Faruk Umar Faruk ya hau a 2007, shi ake lissafawa Sarki na 60.

Shin ko kun san mawaƙi Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, a Daura aka binne shi da ya rasu a 1999? Garin ubangidansa ke nan, Sarki Bashar.

Yanzu ga zuciyar albasar. A ajiye mota, a taka.

Shin ko kun san rijiyar Kusugu tana nan har yau, da ruwanta, an gina mata ɗaki an kewaye ta? Labarin kowa ya sha shi tun yana yaro. Maciji mai suna Sarki ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya iso da dare a kan doki, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu. Ya karɓi guga, ya je, ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Da safe aka aiki Galadima ya dubo, bai iya matsawa kusa ba, sai Kaura ya je ya taɓa ya tabbatar macijin ya mutu. Baƙon nan, Bayajidda, ya auri Daurama, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram, aka sami Hausa Bakwai. Don haka ake ce wa Daura tushen Hausa.

Ko kun san masana sun daɗe suna muhawara a kan labarin? Wasu sun danganta sunan da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947. Wasu, irin su Farfesa Abdullahi Smith, sun ce kada a ɗauke shi a matsayin mafarin Hausawa. Labarin da kansa ma ya nuna haka, domin baƙon ya tarar da gari da sarauniya da fadawa da maƙera. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: duk labarin a bakin rijiya ya faru. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, rijiya ce gini na farko, sauran gine-gine kewaye ta suka yi. Yau madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam da rijiyoyin burtsatse suka karɓi aikin, amma maganar ruwa ba ta bar bakin mutanen Daura ba.

In da sauran rana, a sha mai a fita ƙauye.

Shin ko kun san kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, mai ci ranar Lahadi, na cikin manyan kasuwannin kan iyaka a Arewa? Shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, tireloli na lodi zuwa kudu. Gaba kaɗan sai Kwangwalam, bakin iyaka. Kuna tsallakawa sai Ɗan Barto, sai Matamai, sai Damagaram. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma da Ingila da Faransa suka ja layinsu, wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura ya faɗa wancan gefe. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, zanko da indararo iri ɗaya.

Ko kun san gawon da kuke gani a gonaki da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore? Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. A hanyar Zango da Baure za ku ga gine-ginen da littafi bai cika kulawa da su ba: rumbu a ɗage kan duwatsu don gara da danshi, ɗakin ciyawa, darnin kara, amalanke a ƙofar gida.

Mu ɗan leƙa yadda wasu ke daraja gine-ginensu. Shin ko kun san a garin Palm Springs da ke hamadar Kalifoniya a Amurka, duk watan Fabrairu ana cika motoci masu bene da baƙi, a zaga da su unguwa-unguwa, su biya kuɗi don kallon gidajen da aka gina a shekarun 1950 da 1960? Gidajen da ba su kai shekara 100 ba. Ko kun san a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas na Nijar cikin wuraren tarihi na duniya, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27? Ko kun san masallacin ƙasa na ƙauyen Yama a Jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986? A Dandaji kuma, duk a Jihar Tawa, mai zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018. Hausawa ne 'yan'uwanmu ke salla a ciki. Ginin ƙasa na iya tafiya da zamani, an gwada an gani.

Saboda haka ina da roƙo. Ina roƙon masarauta da ƙaramar hukuma su ƙidaya tsofaffin soraye da zaurukan da suka rage a cikin gari, a san adadinsu da masu su, a taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi da yaɓe kafin damina. A kafa alluna da boko da ajami a wurin kowace tsohuwar ƙofa da kowace unguwa, baƙo ya karanta daga mota, ɗan gari ma ya karanta. In za a faɗaɗa titi, a duba abin da za a rushe tukuna. Makarantun da ke koyar da gini a Daura su gayyato tsofaffin magina su tsaya gaban ɗalibai, su nuna yadda ake ɗaura baka, tun masu sani na raye. Matasa kuma, ga sana'a a ƙofar gidanku: ku koyi tarihin unguwanninku da kyau, ku riƙa zagawa da baƙin da ke zuwa Gani da Sallah.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon soro a gidanku, je ka duba indararonsa tun hadari bai taso ba. Wanda ya san sunan wata ƙofa ko unguwa a Daura da asalinta, ya rubuto mana, za mu buga. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.